Kunnen Kawu da Ranar Bazara

Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, ya rasa kunnensa na hagu a haɗarin babur yana dawowa daga cin kasuwar ƙauye, kuma bayan raunin ya warke sarai aka tura shi sashen haƙori na wani asibitin koyarwa da ke nesa da garinmu, inda aka ƙera masa kunnen roba na silikon. Ni na riƙa raka shi duk zuwan da ya yi, domin kimiyyar sinadarai nake koyarwa a makarantar sakandare, 'yan uwa kuwa sun ɗauka cewa duk abin da aka kwaɓa a kwalba ni ne zan gane kansa. Ranar da aka manna masa kunnen, ma'aikacin da ya ƙera shi ya fito da mu farfajiya don ya duba launin a hasken rana, sannan ya miƙa wa Kawu madubi. Kawu ya daɗe yana juya kai hagu da dama kafin ya ce, "Likita, in ban faɗa ba, ko uwargida sai ta laluba kafin ta san wanne ne." Da dariya ta lafa sai ya yi tambayar da kowane manomi zai yi game da sabon kaya, wato shekara nawa zai yi, ma'aikacin kuma ya amsa masa da cewa shekara 2, in an kula da shi.

Kunnen bai cika shekara 2 ba. Kafin wata 14 ya zagayo, launinsa da ya kasance baƙi mai ɗan ja-ja irin na fatar Kawu ya koɗe ya koma toka-toka, saman kunnen da hula ba ta rufewa ya fi ko'ina koɗewa, idan kuma aka danna shi da farce sai a ji ya ƙara tauri. Gefensa, wanda aka sirantar kamar ɓawon albasa don ya kwanta a kan fata ya ɓace wa ido, ya fara nannaɗewa yana tsagewa, har gam ya daina riƙe shi ta wajen gaba. Kawu mutum ne mai haɗiye abu, bai ce komai ba sai ranar da wani yaro ya ƙura masa ido a ƙofar masallaci har uban yaron ya ja shi. Da daren nan ya aika aka kira ni, ya ajiye kunnen a kan tabarma tsakaninmu ya ce, "Ɗana, kai da ka yi karatun, roba marar kyau aka sa mini, ko kuwa ni ne ban iya riƙo ba?" Na ɗauki fiye da shekara guda ina karatu da gwaji kafin in iya ba shi amsar da ni kaina na gamsu da ita.

Abu na farko da na tabbatar shi ne ba a ha'ince shi ba. Silikon shi ne abin da ake amfani da shi ko'ina a duniya wajen ƙera kunne da hanci da kewayen ido ga wanda ya rasa su, tun daga 1960 lokacin da wani ma'aikaci a Amurka mai suna Barnhart ya bayyana yadda za a yi wannan aiki da shi. Kafin nan an sha fama da abubuwa iri-iri: a lokacin yaƙin duniya na farko, a Landan da Paris, da tagulla ake rufe wa sojoji wurin da harsashi ya cinye a fuska, a shafa mata fenti, fentin kuma ya riƙa ɓarewa, an gwada roba mai tauri irin ta haƙoran roba, wadda ba ta motsi tare da fata, an gwada ɗanyar roba ta itace, wadda takan lalace cikin 'yan watanni. Sunan silikon ya girmi wannan aiki da nisa, domin wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Frederic Kipping, ne ya raɗa shi a 1901, sai dai ba a fara sarrafa shi da yawa ba sai a shekarun 1940, a hannun kamfanoni irin su Dow Corning.

Abin da ya bambanta shi da sauran robobi yana cikin ƙirarsa. Robar taya da ta silifa da leda duk sarƙoƙi ne na ƙwayoyin kabon, ɗaya riƙe da ɗaya, shi kuwa silikon sarƙarsa kamar carbi ce mai duwatsu iri biyu, ƙwayar sinadarin da ake samu daga yashi, sai ƙwayar oksijin, sai ta yashi, haka har ƙarshe, kuma kowace ƙwayar yashi tana ɗauke da ƙananan rassa biyu na kabon da haidurojin. Ƙarfin da ake buƙata a tsinke haɗin yashi da oksijin ya kai kimanin 450 a ma'aunin da masana sinadarai ke auna ƙarfin irin wannan haɗi da shi, na kabon da kabon kuwa wajen 350 ne, alhali mafi kaifin ɓoyayyen hasken rana da ake kira UV, wanda ke iya ratso sararin sama ya iso ƙasa, ƙarfinsa wajen 400 ne. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da bokitin roba da aka bari a tsakar gida yake ƙeƙashewa ya fashe bayan bazara ɗaya ko biyu, amma silikon da masu aikin alminiyam ke liƙe gilashin taga da shi yake shekaru yana shan rana bai farfashe ba. Zafi ma bai cika damunsa ba, tunda kayan silikon na asibiti ana turara su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta a digiri 121 ko 134 su fito lafiya lau, kuma da irinsa ake lulluɓe wasu daga cikin kwanukan da ke riƙe wayoyin lantarki masu babban ƙarfi, waɗanda ke tsaye a fili shekara da shekaru.

A nan ne na ɗan rikice da farko, domin idan abu yana da irin wannan juriya, babu dalilin da zai sa ya gaza a jikin dattijo cikin wata 14. Amsar tana cikin abin da ake buƙata daga kunnen roba, wanda ba a buƙatarsa daga silikon na taga ko na turken lantarki. Ana son ya yi laushi kamar nama, wato tsakanin 25 da 35 a ma'aunin taurin roba da ake kira Shore A, inda tayar mota take wajen 60 zuwa 70. Ana son haske ya ɗan ratsa shi kamar yadda yake ratsa fata, don haka ba za a cika shi da garin da ke toshe haske ba. Ana son gefensa ya sirance har ya kusa ɓacewa, sannan a ba shi launin mutum guda ɗaya tak a duniya. Duk ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu ƙofa ce da aka buɗe wa rana. Yawancin kayan silikon na asibiti, irin su robar fitsari da bututun ba da abinci, daga leda sai cikin jiki, ba sa ganin rana ko kaɗan. Waɗanda ke zama a waje su ne kunne da hanci da kewayen ido da yatsun roba, masu buƙatarsu kuwa ba kaɗan ba ne a wajenmu, daga waɗanda haɗarin hanya ya raunata, zuwa waɗanda aka yanke wa ciwon daji na fata, musamman zabiya, zuwa wasu daga cikin waɗanda ciwon zaizayar baki ya ci wa fuska, ciwon da aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023.

Hasken UV bai cika iya tsinke uwar sarƙar ba, amma yana samun ƙananan rassan, musamman idan akwai launi ko ragowar sinadarin da aka zuba don kwaɓin silikon ya daskare a kusa da zai tsotsi hasken ya miƙa musu. Idan reshe ya ɓalle sai ya bar gurbi mai neman abin kamawa, gurbin kuma ya kama oksijin na iska ko ya kama sarƙar da ke maƙwabtaka da shi. Sakamakon haka shi ne ƙulle-ƙullen da ke tsakanin sarƙoƙi su riƙa ƙaruwa, kamar komar masunci da ake ta ƙara wa ƙulli har ta daina buɗewa, robar ta yi tauri, miƙewarta ta ragu, kuma ƙaramar tsaga da a da za ta tsaya inda take sai ta riƙa tafiya. A tsakiyar kunne inda akwai kauri wannan sauyi a saman fata kawai yake tsayawa, mai shi ma ba zai lura ba, amma a gefen da ya sirance babu ciki babu waje, duk kaurin nasa saman fata ne, shi ya sa a nan ɓarnar take fara bayyana.

Launi kuwa shi ne ya fi komai rauni, kuma a kansa na fi daɗewa. Ana ba kunnen launi sau biyu: akwai wanda ake kwaɓawa cikin silikon tun yana ruwa-ruwa, tare da ɗan gashin zare mai laushi da ke kwaikwayon jijiyoyin jini, akwai kuma wanda ake ɗiɗɗigawa a sama bayan an fitar da shi daga mazubi, mai shi yana zaune ana kwatantawa, sannan a rufe da siririn shafen silikon. Na saman nan shi ne ke kawo kamannin da ya ba Kawu dariya a ranar farko, shi ne kuma ke fara tafiya, domin shi rana ke duka, shi yatsa ke gogewa. Launukan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Waɗanda asalinsu ƙasa ce, wato tsatsar ƙarfe mai ba da ruwan ƙasa da jar ƙasa irin ta makuba, rana ba ta da abin da za ta ƙara yi musu, tunda sun riga sun gama haɗuwa da oksijin. Amma ja mai kaifi da rawaya mai haske da ake haɗawa daga sinadaran kabon, hasken UV yana farfasa su su dushe. Fatar baƙin mutum ba baƙi zalla ba ce, a ƙarƙashinta akwai ja ko rawaya da ke ba ta rai, kuma idan wannan jan ya gudu ya bar baƙin shi kaɗai, sai abin ya koma launin toka kamar na Kawu. Masu bincike sun gwada kare launi ta hanyar zuba farin garin taitaniyam mai matuƙar laushi, kimanin kashi 2 cikin 100, don ya tare hasken, kuma yana taimakawa, sai dai a ganina maganin ya fi dacewa da farar fata, domin duk farin da aka ƙara wa kunnen baƙin mutum sai an biyo shi da ƙarin launi kafin a dawo inda ake.

Da na koma kan alƙawarin shekara 2, sai na gane daga inda ya samo asali. Wani bincike da aka wallafa a 2008 daga Groningen ta ƙasar Holan, a kan mutanen da ke sanye da kunne da hanci da ido na silikon, ya nuna cewa akan sake musu sabo duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa 2, kuma babban dalilin sakewar, kusan kashi ɗaya cikin 3, sauyin launi ne. Wannan a ƙasar da rana ke wuni a bayan gajimare ke nan, kuma ga mutanen da aka dasa wa ƙusoshin ƙarfen taitaniyam a ƙashi don su riƙe robar, hanyar da aka fara amfani da ita wajen riƙe kunnen roba a Gothenburg ta Suwidin a 1979, wadda ke raba mutum da shafa gam da kankare shi kullum. Don a ga abin da yanayi ke yi masa, masu bincike sun yi gwaje-gwaje a fili: an shanya guntayen silikon a Manchester ta Ingila wata 6, an shanya a Atina da Tasalonika na Girka shekara guda, an kai su Miami da Phoenix a Amurka, garuruwa biyu da masu fenti da roba suka daɗe suna gwada kayansu a can, ɗaya saboda zafi mai laima, ɗaya saboda zafin hamada. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Dammam a gabashin Saudiyya, wanda aka wallafa a 2015, inda aka shanya silikon iri 3 na wata 6, duka suka sauya launi, amma wanda ake daskarwa da zafi ya fi riƙe ƙarfinsa a kan biyun da ke daskarewa da kansu a ɗaki. Akwai kuma injinan da ke kwaikwayon rana da fitila mai ƙarfi da feshin ruwa don a gaggauta tsufan roba, sai dai babu wata tsayayyiyar ƙa'ida da ke cewa awa kaza a inji daidai take da shekara kaza a gari kaza.

Manchester tana kan digiri 53 a arewacin ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, ƙasar Hausa kuwa mafi yawanta tana tsakanin digiri 11 da 14, inda rana ke tsayawa cak a tsakar kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, ma'aunin UV kuma yakan kai 11 ko ya wuce, matakin da aka ware a matsayin mafi tsanani. A Sakkwato zafin Afrilu yana haura digiri 40, kuma ko da yake zafi shi kaɗai ba ya narkar da silikon, yana ƙara wa duk wata ɓarnar da haske ya fara sauri. Sannan ga abin da Miami da Dammam ba su da shi a jere irin namu: watannin hunturu da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai bazara, sai damina da komai ke jiƙewa ya ƙi bushewa. Ƙurar hunturu mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki ne mai cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa, ɓawon nan kuma silika ne, sinadarin yashi, wato ɗan uwan silikon na jini. Hazon yana rage kaifin rana, wannan gaskiya ne, amma silikon yana da halin fitar da wani ɗan maiƙo nasa zuwa sama wanda ke kama ƙura ya lulluɓe ta, halin da ke da amfani a kan turken lantarki domin yana hana ruwa kwanciya, a kan kunne kuwa yana nufin ƙurar ba ta fita da hurawa, sai an wanke, idan kuma aka goge ta a bushe to an goga wa launin sama yashi ke nan.

Don in gani da idona, na roƙi ma'aikacin ya kwaɓa mini ɗan ragowar silikon da launi irin na Kawu, ya zuba mini shi falle guda, na yanka shi gida uku kowanne kamar faɗin yatsa biyu. Ɗaya na ɗaure a kan katako na ɗora bisa kwanon ɗakina yana fuskantar kudu, ɗaya na rataye a cikin zaure inda iska ke shiga amma rana ba ta isa, na ukun kuma na sa a ambulan na jefa ƙasan akwati. Wannan ba bincike ba ne irin na masana, ba ni da na'urar auna launi ko tauri, farce da ido ne kayan aikina, amma na bar su daga Janairu zuwa Janairu ina jera su a kan farar takarda duk ƙarshen wata. A watanni biyun farko na kan kwano ya yi fari fat da ƙura, amma da na wanke shi da sabulu sai launinsa ya dawo kusan yadda yake. Bazara ce ta raba su. A ƙarshen Mayu wanki ya daina dawo da shi, jan da ke cikinsa ya tafi, kuma idan na juya shi sai in ga bayan da ke manne da katako yana nan da launinsa na asali, kamar atamfar da aka shanya a ninke. Damina ba ta ƙara masa koɗewa sosai ba, amma ta bar masa ɗigo-ɗigo baƙaƙe a ƙasan, inda ruwa ke maƙalewa tsakaninsa da katako, ɗigon kuma ya ƙi fita domin funfuna ce ta kafa saiwa a ciki. Na zaure ƙura kawai ya sha da ɗan dushewa. Na akwati ya riƙe launinsa, sai dai shi ma ya ɗan ƙara tauri, domin silikon yana ci gaba da ƙulla sarƙoƙinsa a hankali ko a cikin duhu. A ranar ƙarshe na yi wa kowanne 'yar tsaga da reza na ja da hannu biyu: na akwati ya miƙe sosai kafin ya rabu, na kan kwano kuwa ban gama ja ba tsagar ta zarce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da na ajiye guntun kan kwano kusa da tsohon kunnen Kawu. Guntun ya sha ranar da kunnen bai sha rabinta ba, tunda Kawu yana shiga inuwa yana sa hula, amma duk da haka kunnen ya fi shi lalacewa ta gefe, kuma yana da wani maiƙo-maiƙo mai rawaya ta ciki wanda guntun ba shi da shi. Ashe yanayin da kunnen roba ke rayuwa a ciki biyu ne, na sama da na jikin mai shi. Silikon ba ya shan ruwa, amma yana shan mai, don haka maiƙon fata yana ratsa shi ya zauna, haka man da ake shafawa da hunturu, haka turaren da Kawu ke gogawa a bayan kunne ranar Juma'a. Gumin noma yana taruwa a ƙarƙashinsa ya sassauta gam, gam ya saki, a ƙara wani a kan tsohon, da dare kuma a kankare da farce daga gefen da rana ta riga ta ƙeƙasar. Na zauna na kalli Kawu yana alwala, sai na ga yana shafar kunnen roba kamar yadda ya saba shafar na nama shekara 60, babban yatsa a baya, manuni a ciki, yana murzawa, sau 5 a rana, da yatsun da goro ya rina. Wata rana ma ya faɗa mini cewa da gam ya ƙi fita ya taɓa sa kananzir, abin da ke sa silikon ya kumbura ya saki jiki. Ga hayaƙin itace da yake jin ɗumi da shi duk asubar ɗari. Guntun da ke kan kwano bai gamu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Saboda haka amsar da na kai wa Kawu ita ce robar ba ta da laifi, shi ma laifinsa kaɗan ne, domin babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa waɗannan abubuwa da harshen da zai ji. An ba shi takarda da Turanci da ke cewa ya guji rana mai tsanani, ga mutumin da gonarsa ce abincinsa. A nan nake ganin gazawar take. Ya kamata tun ranar farko a gaya wa mutum cewa wannan kaya ne mai ƙarewa kamar takalmi, cewa a ƙasarmu wanda ke aikin fili kada ya sa rai da shekara 2, kuma ya fara tanadin na gaba tun yanzu, tunda silikon da launukansa da gam duk daga waje ake shigo da su da dala. Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne da muka koma neman na biyu. Kunnen roba ana zuba shi ne a mazubi na farar ƙasa irin ta masu haƙori, wanda aka sassaƙa daidai da kan mutum, kuma idan an adana mazubin tare da rubutaccen awon launukan da aka haɗa, sake wani aikin kwana ɗaya ko biyu ne. Namu an neme shi an rasa, aka ce an kwashe shara a ɗakin ajiya. Dole aka koma farko, aka sake ɗaukar awon kai da na ɗaya kunnen, aka sake sassaƙa da kakin zuma, muka yi zuwa huɗu a motar haya da dattijo mai ciwon baya.

A wannan karon na roƙi abubuwa uku, ma'aikacin kuma, wanda mutumin kirki ne da aiki ya yi wa yawa, ya amince da su ba tare da gardama ba. Ya sa mafi yawan launin a cikin kwaɓin maimakon a sama, ya dogara ga launukan ƙasa gwargwadon iko, ya kuma ɗan ƙara wa gefen baya kauri inda ido ba ya kaiwa. Ya rubuta mini awon launukan a takarda. Mazubin kuwa na naɗe shi a tsumma na taho da shi gida, yana nan a akwatin da guntun gwajina ya yi shekara. Kawu yanzu yana cire kunnen kafin ya kwanta, ya wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ya murza tsohon gam da tsokar yatsa daga tsakiya zuwa gefe har ya dunƙule ya fita, ya bar shi ya sha iska a inuwa, sannan ya rufe shi a wani gwangwanin alewa. Man shafawa da turare sai sun bushe a jiki kafin ya manna, a alwala kuma yana taɓa shi ne kawai ba ya murzawa.

Tsohon kunnen bai yarda a jefar ba. Ma'aikacin ya datse masa gefen da ya tsage ya sake ɗiga masa launi a sama, aikin da ya ce ba zai wuce 'yan watanni ba, Kawu kuma ya mai da shi na gona, yana sa shi ƙarƙashin malfa tun daga sharar gona har girbi, inda babu mai kallonsa sai shanun huɗa. Sabon yana fitowa ne ranar Juma'a da ranar kasuwa da wajen ɗaurin aure, a ƙarƙashin rawani idan rana ta take. Makon jiya na je gaishe shi na tarar yana shirin fita, ya buɗe gwangwanin ya ɗauko sabon, wanda yanzu ya shiga wata na 11, ya miƙo mini ya ce in fita da shi haske in duba masa. Na ɗora shi a kan farar takarda kusa da guntun akwati. Saman ya fara ɗan dushewa, kaɗan ne ƙwarai, sai wanda ya san abin da yake nema zai gani, gefen kuwa yana nan lafiya bai tsage ba.